Bijirewar Ƙwayar HIV Ga Magani: Abin Da Ya Wajaba A Sa Wa Ido Daga Azare Zuwa Katagum

Tun daga 2002, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta fara bayar da maganin rage ƙarfin ƙwayar HIV a cibiyoyi 25 na ƙasar nan, zuwa 2006 da aka mayar da maganin kyauta, har zuwa yau da mai ɗauke da cutar a Azare ko Gamawa ko Giade yake shan ƙwaya ɗaya a rana ya ci gaba da nomansa da kasuwancinsa, an yi tafiya mai nisa wadda ta ceci rayuka masu yawa. Sai dai duk wannan nasara ta rataya ne a kan sharaɗi guda, wato maganin ya ci gaba da yin tasiri a kan ƙwayar cutar, kuma wannan sharaɗi yana iya rushewa a hankali ba tare da majinyaci ko likita ya ga alama a fuska ba. Rushewar tasa ita masana ke kira bijirewar ƙwayar cuta ga magani. Matsayin wannan sharhi shi ne cewa bibiyar wannan bijirewa aiki ne da ya wajaba ya fara daga rajistar ƙaramin asibiti, ya bi ta ɗakin gwaji, sannan sakamakonsa ya dawo ya sauya shawarar da hukumomi ke yankewa, domin alƙaluman da aka tara aka ajiye a Abuja ko Janiba ba su taɓa warkar da kowa ba.

Yadda ƙwayar ke kuɓuce wa magani

Ƙwayar HIV ba ta iya hayayyafa da kanta sai ta shiga cikin ƙwayoyin garkuwar jikin mutum, inda take amfani da wani sinadarinta wajen kwafar bayanan halittarta, kuma wannan sinadari yana yawan yin kuskure, ba shi kuma da hanyar gyara kuskuren da ya yi. Da yake jikin wanda ba ya shan magani yana iya samar da biliyoyin sababbin ƙwayoyin cutar a rana guda, kullum ana samun waɗanda suka ɗan bambanta da uwarsu, kuma a cikinsu akwai waɗanda bambancin ya sa wani magani ba ya kama su. Idan mutum yana shan magunguna uku a haɗe, a kan lokaci kuma a cike, hayayyafar tana tsayawa kusan gaba ɗaya, saboda haka ba a samun damar yin kuskuren balle ya yaɗu. Haɗarin yana tasowa ne a tsakiya, wato lokacin da akwai magani a jini amma bai kai ƙarfin da zai danne cutar ba, kamar yadda ke faruwa ga wanda yake sha yau ya tsallake gobe, ko yake raba ƙwayarsa da wani, domin a wannan hali magani yana kashe raunanan ƙwayoyin ya bar wa masu taurin kai fili. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kowace rana da aka tsallake magani tsaga ce a wannan bango.

Masana sun sa wa waɗannan sauye-sauye lambobi domin a riƙa gane su a ko'ina cikin duniya. Sauyin da ake kira K103N yana karya ƙarfin efavirenz da nevirapine, M184V yana raunana lamivudine, K65R kuma yana rage tasirin tenofovir. Abin ba sabo ba ne, domin an amince da AZT a matsayin magani na farko a 1987, kuma zuwa 1989 an riga an bayar da rahoton ƙwayoyin da suka daina jin sa, wanda hakan ne ya kai masana ga tsarin haɗa magunguna uku da ya kafu a 1996. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta kasa bijirewar gida uku: wadda ke tasowa a jikin mutum yana cikin shan magani, wadda mutum ke ɗauka daga wani tun ranar da ya kamu, da kuma wadda ake tararwa a jikin mai shirin fara magani ko komawa kansa bayan ya daina. Kashi na biyu shi ne ya fitar da lamarin daga hannun majinyaci ɗaya ya mayar da shi na al'umma, domin matar da ba ta taɓa shan magani ba, ko jaririn da aka haifa jiya, suna iya samun kansu da ƙwayar da maganin farko ba zai yi mata komai ba.

Darasin efavirenz da nevirapine

Tarihin shekarun baya ya nuna cewa bibiya tana iya sauya manufar ƙasashe idan aka yi ta da gaske. Shekaru da dama tsarin maganin farko a Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ya dogara ne a kan nevirapine sannan efavirenz, waɗanda suke da araha amma sauyi guda ɗaya tak ya isa ya karya su. Haka kuma an daɗe ana bai wa mata masu naƙuda ƙwaya ɗaya ta nevirapine domin kare jariri, dabarar da ta ceci yara da yawa amma ta bar ƙwayar cuta mai bijirewa a jikin iyaye mata da kuma jariran da suka kamu duk da haka. WHO ta tsayar da ma'auni cewa duk ƙasar da aka samu kashi 10 cikin 100 na masu fara magani suna ɗauke da ƙwayar da ta bijire wa wannan rukuni, to lokaci ya yi da za ta sauya maganin farko. Rahotonta na 2019 ya nuna cewa ƙasashe 12 cikin 18 da suka yi binciken sun haye wannan iyaka, rahoton 2021 kuma ya nuna haka a bincike 21 cikin 30. Mafi tayar da hankali shi ne halin jarirai, domin binciken da aka yi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, har da Najeriya, ya gano cewa kusan rabin jariran da aka tabbatar sun kamu suna ɗauke da ƙwayar da ta riga ta bijire.

Waɗannan alƙaluma suna cikin manyan dalilan da suka sa a 2019 WHO ta ba da shawarar a fifita dolutegravir a matsayin ginshiƙin magani ga kowa, har da mata masu ciki, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fara gwada shi tun 2017 kafin ta mayar da mafi yawan majinyatanta kan haɗin da ake kira TLD, wato tenofovir da lamivudine da dolutegravir a ƙwaya ɗaya. Dolutegravir yana toshe wani sinadari dabam, wanda ƙwayar ke amfani da shi wajen dasa bayananta a cikin ƙwayar halittar mutum, kuma karya shi yana da wuya ƙwarai idan aka kwatanta da magungunan da suka gabace shi. Farashin TLD ma ya sauko daga kimanin dala 75 na shekara guda ga mutum ɗaya a 2017 zuwa ƙasa da dala 45 a 2023. Amma wahalar karyewa ba ta nufin rashin karyewa, domin a rahoton da WHO ta fitar a Maris 2024 an samu bijirewa ga dolutegravir tsakanin kashi 3.9 zuwa 8.6 cikin 100 na waɗanda maganin bai danne cutarsu ba a ƙasashen da aka bincika, kuma adadin ya kai kashi 19.6 a tsakanin waɗanda suka daɗe suna shan wasu magunguna aka kuma sauya musu alhali ƙwayar tana da yawa a jininsu.

Akwai wani sauyi da zamanin dolutegravir ya kawo wanda ya ƙara wa bibiya muhimmanci. A zamanin efavirenz, mafi yawan waɗanda maganin ya gaza a kansu suna da ƙwaya mai bijirewa, saboda haka likita yana iya sauya musu magani ba tare da dogon bincike ba kuma ya dace. Yanzu lamarin ya juye, domin mafi yawan waɗanda ƙwayar ta hauhawa a jininsu suna kan TLD rashin shan magani yadda ya kamata ne matsalarsu, kuma cutar tana sake dannuwa da zarar sun gyara. Idan aka sauya wa dukkansu magani an yi asarar magunguna masu tsada da wahalar sha, idan kuma aka bar dukkansu a kai an bar tsirarun da ke da bijirewa ta gaske suna taɓarɓarewa suna kuma yaɗa ta. Abin da zai raba waɗannan rukunoni biyu shi ne gwajin karanta tsarin halittar ƙwayar, da kuma sanin yawan bijirewar a cikin al'umma.

Halin yankin Katagum

Babban binciken ƙasa na NAIIS da aka gudanar a 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a Maris 2019, ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar a Najeriya, wato kimanin mutum miliyan 1.9 a jimlace, kuma jihar Bauchi tana cikin jihohin da adadinsu bai kai kashi 1 cikin 100 ba, nesa da jihohi irin su Akwa Ibom da Binuwai. Wannan abin godiya ne, amma yana ɗauke da wani haɗari da ba a cika lura da shi ba. Kuɗi da kayan aiki da hankalin masu bayar da tallafi suna karkata ne zuwa inda cutar ta fi yawa, kuma binciken bijirewa na ƙasa an tsara shi ne ya fitar da adadi ɗaya na ƙasa baki ɗaya daga zaɓaɓɓun asibitoci, saboda haka ba aikinsa ba ne ya bayyana abin da ke faruwa a Zaki ko Shira ko Itas/Gadau. Bugu da ƙari, inda masu cutar suke da ƙaranci nan ne ɓoye ta ya fi tsanani, domin wanda aka gani a layin karɓar magani a ƙaramin gari ya san labarinsa zai riga shi isa gida, kuma wannan tsoro yana sa wasu su tafi wani gari mai nisa karɓar magani, su kuma yanke idan kuɗin mota ya gagara, duk da cewa dokar hana tsangwamar masu cutar ta kasance tun 2014.

Yanayin rayuwa a yankin shi ma yana da nasa tasiri. Azare, wadda ta zama mazaunin Sarkin Katagum tun 1916, tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, tsakanin Jigawa da Yobe, kuma fatake da direbobi da dillalan shanu masu zuwa Potiskum suna ratsa ta dare da rana. Bayan girbi samari da magidanta da yawa suna tafiya cin rani zuwa Legas ko Fatakwal ko Abuja su yi watanni, kuma wanda ya tafi da maganin wata biyu ya yi wata biyar ya riga ya shiga halin da ƙwayar ke so. A damina kuma kogin Jama'are da rassansa suna cika su raba ƙauyukan Zaki da Gamawa da asibitocinsu, kamar yadda ambaliyar 2024 ta yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙaramar hukumar Katagum. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a ɗora laifinsa a kan majinyaci, kuma kowannensu abu ne da za a iya hangowa a kalandar shekara a yi masa tanadi.

Akwai kuma abubuwan da ke raunana magani ko da ana shan sa kullum. Rifampicin, wanda shi ne jigon maganin tarin fuka, yana rage yawan dolutegravir a jini, shi ya sa ƙa'ida ta tanadi a ƙara wa mai shan su tare wani kaso na dolutegravir bayan awa 12. Ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi da ake bai wa mata a wurin awon ciki, da magungunan gyambon ciki da ake saya a kemis, suna iya hana hanji tsotse dolutegravir idan aka sha su tare ba bisa tsari ba. A watan azumi ma abin da ake bukata shi ne a tsayar wa majinyaci lokaci ɗaya, sahur ko buɗa-baki, maimakon a bar shi ya ajiye maganin har bayan salla. Sannan jihar Bauchi ta yi suna tun 2008 wajen ƙarfafa aure tsakanin masu ɗauke da cutar, wanda ya rage kaɗaici ya kuma kare wasu, amma ya kamata ma'aurata irin waɗannan su san cewa ƙwayar miji da ta mata ba lallai su zama iri ɗaya ba, kuma kariyar kowannensu da ta 'ya'yansu tana cikin dannuwar cutar a jinin su biyun.

Matakai uku na bibiya

Matakin farko ba ya bukatar na'ura ko ɗaya, kuma shi ne abin da WHO ke kira alamomin gargaɗin farko. Alamomin tambayoyi ne da rajistar asibiti ke iya amsawa: mutum nawa ne suka karɓi maganinsu a kan lokaci, nawa ne suke nan bayan wata 12 da farawa, sau nawa magani ya yanke a ɗakin ajiya, nawa ne aka yi wa gwajin yawan ƙwayar cuta a jini, nawa ne kuma gwajin ya nuna cutarsu ta dannu. Asibitin da waɗannan alamomi suka yi rauni a cikinsa yana haifar da bijirewa ko da ba a riga an gan ta a ɗakin gwaji ba, kuma hukumar BACATMA ta jihar Bauchi, wadda ke kula da yaƙi da wannan cuta da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, tana da hurumin tattara su asibiti-asibiti kowane wata uku ta mayar wa ma'aikata da sakamakon domin su gyara.

Mataki na biyu shi ne gwajin yawan ƙwayar cuta a jini, wanda ake yi bayan wata 6 da fara magani, sannan a wata na 12, sannan kowace shekara. Idan aka samu fiye da ƙwaya 1,000 a kowace mililita ta jini, ana zaunar da majinyaci a binciki abin da ke hana shi shan magani a taimaka masa, a sake gwaji bayan wata uku, kuma idan adadin bai sauko ba sai a ɗauka maganin ya gaza. Darajar wannan gwaji tana cikin saurin dawowar sakamako da kuma aiki da shi, domin sakamakon da ya kwana a fayil har majinyaci ya dawo bayan wata shida ya bai wa ƙwayar rabin shekara tana tara sauye-sauye. Ga ƙauyukan da ba su da wutar lantarki ta ajiye jini, akwai hanyar ɗiga jini a kan takarda ta musamman a busar da shi, wadda WHO ta amince da ita kuma take jure tafiya a kan babur.

Mataki na uku shi ne karanta tsarin halittar ƙwayar domin a ga ainihin sauye-sauyen da ta yi, aikin da ake yi a manyan ɗakunan gwaji irin na Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa, NIMR, da ke Yaba a Legas, da na cibiyar IHVN da ke Abuja. Ba a bukatar kowane asibiti ya mallaki irin wannan na'ura, amma ana bukatar tabbatacciyar hanya da samfurin jinin wanda TLD ya gaza a kansa a Katagum zai isa can, amsa kuma ta dawo cikin makonni. Wannan yana da ƙarin amfani ga ilimi, domin nau'o'in ƙwayar da suka fi yawa a Najeriya su ne G da CRF02_AG, alhali yawancin binciken farko a kan bijirewa an yi shi ne a kan nau'in B na Turai da Amurka. Azare tana da babban asibitin Tarayya da jama'a suka sani da FMC, tana kuma da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, saboda haka tana da malamai da ɗalibai da marasa lafiya a wuri ɗaya, kuma babu abin da ya fi dacewa da sabuwar jami'ar lafiya kamar ta riƙe bibiyar yankinta shekara bayan shekara ta riƙa wallafa abin da ta gani.

Batun kuɗi da fifiko

Mai hankali zai iya cewa yankin da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da mutuwar mata wurin haihuwa ba shi da rarar kuɗin da zai kashe a kan matsalar tsiraru daga cikin tsiraru. Wannan magana tana da nauyi, kuma ita ce dalilin da ya sa aka jera matakan yadda aka jera su, mafi araha a gaba. Amma lissafin kuɗin kansa yana goyon bayan bibiya, domin magungunan sahu na biyu, irin su atazanavir da darunavir, sun fi TLD tsada, na sahu na uku kuma sun fi su tsada da wuyar samu, kuma kowane mutum da aka riƙe a kan maganin farko ta hanyar gano matsalarsa da wuri ya rage wa gwamnati nauyi na shekaru. Haka nan allurar kariya mai dogon zango ta cabotegravir 'yar gida ɗaya ce da dolutegravir, ta yadda bijirewa ga ɗaya tana iya shafar ɗayan, saboda haka sakaci a yau yana iya rage amfanin kayan aikin gobe.

Abin da ya faru a Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje har shirinta na yaƙi da HIV, wato PEPFAR, ya girgiza, ya nuna yadda tsarin yake a rataye. Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 a Fabrairun shekarar domin sayen ƙunshin magani 150,000, a zamanin Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau maƙwabciyar Azare, kuma matakin ya dace. Sai dai a duk lokacin da kuɗi ya yi ƙaranci, abin da aka fi saurin yankewa shi ne albashin mai shigar da bayanai, da man babur ɗin mai ɗaukar samfurin jini, da alawus ɗin mai bin sawun waɗanda suka daina zuwa, domin rashinsu ba ya bayyana nan take kamar rashin ƙwaya. Alhali lokacin yankewar magani da ruɗanin tallafi shi ne ainihin lokacin da bijirewa ke ƙaruwa, kuma shi ne lokacin da aka fi bukatar ido a kai. Saboda haka ya dace kasafin jihar Bauchi ya ware wa waɗannan ayyuka layi nasu, komai ƙanƙantarsa, wanda bai dogara da wata ƙasa ba.

Ma'aunin ko bibiya ta yi amfani shi ne shawarar da ta haifar. Idan rajista ta nuna cewa majinyata suna ɓacewa daga Nuwamba zuwa Mayu, sai a riƙa bai wa mai tafiya cin rani maganin wata shida da takardar da za ta ba shi damar karɓa a inda ya sauka. Idan ta nuna yankewa a Agusta da Satumba, sai a kai magani ƙauyukan bakin kogi tun kafin ruwa ya sauka. Idan yara da matasa ne cutarsu ta fi ƙin dannuwa, sai a duba awon nauyinsu da kason maganinsu da wanda ke kula da su a gida. Idan kuma gwajin halitta ya nuna bijirewa ga dolutegravir tana hawa, sai sashen NASCP na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hukumar yaƙi da cutar ta ƙasa, NACA, su sake duba ƙa'idar sauya magani tun adadin yana ƙarami. Ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta NEPWHAN, da sarakuna da limaman da jama'a ke jin maganarsu, suna da haƙƙin a sanar da su waɗannan alƙaluma da Hausa, ba tare da sunan kowa ba, domin su ne za su iya rage tsangwamar da ke korar mutane daga asibiti. Najeriya ta riga ta yi asarar rukuni guda na magunguna masu araha, kuma wanda ke hannu yanzu ba shi da magaji mai arha da sauƙi irinsa da ke jira, saboda haka kare shi nauyi ne da ya hau kan ma'aikacin rajista a Gamawa kamar yadda ya hau kan minista a Abuja.